Shekarar da Tolliver Ta Daina Aski

Duk wanda ya taɓa zama a kujerar askin Delbert Hockaday ya san ba gashi kaɗai ake barowa a shagon nan ba, har da haƙuri. Mutum zai shigo da hantsi a rage masa saje, ya fita rana ta take, kunnuwansa na amo da labarin ƙwallon Amurka, irin wadda ake runguma a hannu a ruga ana ture-ture, da Delbert ya yi a ƙuruciya. Yau a Ohio ya yi wasan, gobe a Texas, jibi kuma a wata kwalejin da ba zai faɗi sunanta ba, wai har yanzu dangin waɗanda ya kakkarya suna nemansa. Mutum ne ɗan firit mai ƙafafu kamar na zalɓe, sai dai Allah ya ba shi gashin baki. Wannan kam ba ƙarya ba ne: baƙi wuluk, murɗaɗɗe, kowane gefe ya tashi sama kamar ƙahon bijimi, kuma ba ya taɓa kan kowa da safe sai ya gama da shi a gaban madubi.

Ita kujerar ba tasa ba ce. Ta marigayi surukinsa ce, wanda ya bar wa 'yarsa Opal ita tare da shagon, Delbert ya auri Opal ya haɗa duka. Kujera ce ta ƙarfe mai jar fata, tana juyawa, tana kwantawa da mutum, kuma sai ƙarti huɗu sun taru kafin ta motsa. In ka cire gashin bakinsa, babu abin da Delbert ke so a duniya kamarta.

A kakar 1934 ƙungiyar ƙwallon Kwalejin Tolliver ta fara wasa da ƙafar hagu. An fita sau uku, an sha kashi sau uku, ko maki ɗaya ba a gani ba. A garin da babu komai sai gonakin masara, majami'u biyu da kwalejin nan, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kocin ya tattara komatsansa ya koma sayar da iri a wurin ƙaninsa, ko sallama bai yi ba.

Washegari shugaban kwalejin, Dakta Amsden, ya zo gyaran fuska. Virgil Stroup, mai kantin ƙusa da fartanya da ke jikin shagon, yana zaune a kan benci kamar kullum. Ba aski ke kawo shi ba, don kansa tas yake kamar ƙwan jimina. Tsokana ke kawo shi.

"Yallaɓai," in ji Delbert yana wasa aska, "ba yaran ne ba su iya ba. Hula ce ta kashe su."

"Wace hula?" Dakta ya tambaya daga cikin kumfa.

"Hular fatar nan da ake ƙaƙaba musu. Ta toshe kunne, ta dafa ƙwaƙwalwa. A zamaninmu wa ya san ta? Suma muke tarawa. Ka ga ƙato da suma kamar dami, in ya sunkuyar da kai ya tunkari mutane, ba abin da za ka ji sai ƙarar ƙasusuwa. Ai gashi shi ne hular da Allah ya ɗinka da kansa."

"A Ohio ke nan ko a Texas?" in ji Virgil.

"A inda ba a barin masu sanƙo su shiga kallo."

"Ashe shi ya sa har yau ba a sami wanda ya gan ka ba."

Delbert bai kula shi ba. Ya ɗaga haɓar Dakta, ya ɗora aska a maƙogwaro. "Ba ni yaran nan, Yallaɓai. In aka yanka talotalon bikin Ranar Godiya a ƙarshen kaka ban kawo maka nasara ba, ka kira ni kare."

Dakta Amsden ya so ya yi maganar kwamiti da shawara, amma mutumin da aska ke kan maƙogwaronsa ba ya doguwar muhawara. Ya ce, "To." Kafin la'asar gari ya ɗauka cewa shugaban kwaleji ya zo har shago yana hawaye yana roƙon Delbert ya ceci Tolliver, kuma kowa ya san bakin da labarin ya fito.

Ranar Juma'a da rana aka yi gangami a gaban babban ɗakin kwalejin, 'yan badujala na busa, rabin gari ya hallara. Delbert ya hau matakala da usur a wuya. Ya sa aka tattara hulunan fata a buhu, ya ce a kai wa baduku ya yi linzami da su. Sannan ya kira Emil Novotny, ɗan manomi, ƙaton ƙungiyar, wanda ke saɓa ɗan maraƙi a kafaɗa amma in mace ta gaishe shi sai ya rasa inda zai sa hannu.

"Ku dubi kan nan!" Delbert ya yi tsalle ya shafo sumar Emil, wadda tun girbin alkama ba ta ga almakashi ba. "Daga yau babu ɗan wasan da zai yi aski ko gyaran fuska sai mun ci wasa! Ku ɗaga hannu ku rantse!"

Yara suka rantse. Daga cikin taro sai ga muryar Virgil.

"Haba Koci, yara kaɗai? Mu ba 'yan Tolliver ba ne? Duk namijin da ya isa a garin nan ya ɗaga hannu! Ba aski sai nasara!"

Hannaye suka tashi kamar masara a gona. Mai gidan waya, likita, fastoci biyu, har Dakta Amsden, don ba ya so a ce shi kaɗai ne bai isa ba. Babu wanda ya kai Delbert tafi. Sai da ya kusa gida, yana tafe yana fito, sannan fiton ya tsaya masa a baki.

Mako ya zagayo, ƙararrawar da ke ƙofar shago ba ta yi ƙara ba sai in Virgil ne ya shigo. Opal ta zo ta tarar da mijinta zaune a kujerar yana zana dabarun wasa da sabulu a jikin madubi.

"Delbert, a duk faɗin Nebraska an taɓa yin mai askin da ya hau matakala ya rantsar da gari kada a yi aski?"

"Ba za ki gane ba, Opal. Tara gashin nake yi. Ranar da muka ci, layi sai ya kai tashar jirgi."

"Au, noma ka koma? Ka shuka kana jiran girbi?"

"Kamar haka."

"To ni ma bari in shuka tawa. Kujerar nan ta ubana ce, a gindinta na yi rarrafe. Bai bar mini ita don gizo-gizo ya yi saƙa a kai ba. In kakar nan ta ƙare ba ku ci ba, ka sauka, ni zan karɓi shagon. Kuma kai ne farkon wanda zan aske, har wannan ƙahon da kake ɗauke da shi a ƙarƙashin hanci."

Delbert ya kai hannu ya dafe gashin bakinsa. Da su biyu ne kaɗai, da ya lallashe ta. Amma ga Virgil a kan benci ya baza kunne.

"Na yarda!" in ji shi. "Virgil, kai ne shaida."

"Ai ko ba ka sa ni ba," in ji Virgil.

Wasan farko a hannun Delbert, baƙi suka shigo fili suka ga mutum goma sha ɗaya ba hula, suma na kaɗawa a iska. Da farko sun tsorata, har Delbert ya fara murza gashin baki. Daga nan wani ɗan ƙaramin cikinsu ya yi tsalle ya cafki Emil ta ƙeya, ya kai shi ƙasa kamar an ja wa doki linzami. Shi ke nan asiri ya tonu. Duk ɗan Tolliver da ya ɗauki ƙwallo, kafin ya yi nisa an damƙi sumarsa, sai ka ji ƙato yana kiran uwarsa.

Delbert ya ruga wurin alƙalin wasa. "Kana kallo ana tuge mini yara kamar kaji?"

"Abin da ya lilo daga jikin ɗan wasa, in an kama an kama," in ji alƙali. "Ka sa musu hula mana."

Da aka gama zangon farko daga cikin huɗu, ƙungiyoyi suka yi musayar gida kamar yadda ake yi tun da aka ƙirƙiro wasan. Delbert na can yana taje wa wani yaro kai, bai lura ba. Da ya ɗago ya ga yaransa sun fuskanci kudu maimakon arewa, sai ya hau kururuwa.

"Ku juyo, sakarkaru! Can ne gidansu! Ku juyo!"

Virgil ya sunkuyo daga bencin 'yan kallo. "Koci, an canja gida. Duk zango ake canjawa. In suka bi maganarka aka kayar da su da ƙwallo a bayan layinsu, kyautar maki biyu ka yi wa baƙi."

"Na sani! Gwada su nake yi."

"A Ohio ba a canjawa ke nan?"

"A Ohio mu ba ma barin a kai zango na biyu."

An tashi arba'in da wani abu da nema. Delbert ya gaya wa gari cewa gashin ne bai nuna ba tukuna.

Mako na gaba ya zo da sabuwar dabara: tunda kamawa ake yi, a ɗaure gashin. Ya bi ɗakin Opal ya kwashe ragar gashinta da ƙananan ƙarafunan maƙale kitso, ya aro wasu a wurin matan maƙwabta, ya zaunar da ƙartin nan ya naɗe musu kai ɗaya bayan ɗaya. Emil ya kalli madubi ya ce, "Koci, babana fa zai zo kallo."

"Zai yi alfahari da kai, ɗana."

Bai yi ba. Da suka jeru a fili, na gaban Emil ya cire hularsa ya rusuna ya ce, "Baiwar Allah, ko za ki ba ni rawa ɗaya?" Duk layin baƙi suka fashe da dariya, har alƙali ya kasa busa usur. Yaran Tolliver suka yi wasan nan hannu ɗaya na rufe fuska, baƙi suna wuce su suna cewa a gai da mama. Tsoho Novotny ya tashi tun kafin hutun rabin lokaci, ya ce shanu na jiransa.

Haka aka yi ta yi. A fita a sha kashi, a dawo Delbert ya kawo dalili: yau iska, gobe alƙali, jibi ciyawar filin ce aka yanke ta ba bisa ƙa'ida ba. Gari kuwa ya koma jeji. Mai gidan waya ya lashi kan sarki ya manna har da gemunsa, sai da aka jiƙa ambulan aka ɓamɓare shi. Matar likita ta kwaɗa wa mijinta tsintsiya a ƙofar baya, ta ɗauka ɓarawon kaji ne. Jarirai na ganin iyayensu maza sai su tsandara ihu. Ranar Lahadi ɗaya daga cikin fastocin ya sunkuya kusa da kyandir, wani ƙauri ya tashi, rabin majami'a suka kai hannu suka dafe nasu gemun, don an ce in ka ga na ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa. Mata suka daina gaishe da Opal. Shi kansa Virgil, wanda ya ɗauka mai sanƙo ba shi da asara, gemu ya fito masa ja mai ƙaiƙayi, yana sayar da ƙusa yana susa kamar biri.

"Kai Hockaday," ya ce wata safiya, "don girman Allah ku ci ko da makarantar makafi ce."

"Wa ya ɗaga hannun gari?"

"Wa ya hau matakala?"

Saura wasa ɗaya, aski ya zo gaban goshi. Wasan Ranar Godiya ne da Kwalejin Brackett ta ƙetaren kogi, waɗanda Tolliver ta fi tsana fiye da ƙanƙarar da ke kashe masara. Delbert ya daina cin abinci sosai. In ya shiga shago sai ya shafa hannun kujerar nan, ya kalli gashin bakinsa a madubi. Tsoro yake ji na gaske, amma bakinsa bai sani ba.

Ya kulle kansa a rumfar bayan gida da tukunyar wankin Opal. Unguwa ta cika da wani wari, kaji suka bar gidan. Da ya fito yana ɗauke da bokiti biyu na wani abu fari mai yauƙi: man alade, kananzir, da turaren wardi don kada a ce ba a yi ladabi ba.

"Man Hockaday," ya gaya wa Opal. "Hannun da ya kama kan da aka shafa wa wannan, sai dai ya kama iska."

"Ba girin-girin ba dai, ta yi mai," in ji Opal.

"Ai man ne ma ga shi."

"A tukunyar wankina."

Ranar wasa sanyi kamar zai tsaga dutse, amma ba a bar kowa a gida ba sai talotalo a cikin tanda. Gefen Tolliver gemu ne jere reras, gefen Brackett fuskoki sumul suna nuna su da yatsa suna kukan bunsuru. Delbert ya lafta wa kowane yaro man nan da cokalin gini, daga goshi har ƙeya, har gemu.

Abin mamaki, dabarar ta ci. Ɗan Brackett na farko da ya kai wa sumar Emil cafka, hannunsa ya zame ya kife da hanci. Na biyu ma haka. Sai dai mutum in kansa na ɗiga dole ya shafa, kuma hannun da ya shafa kai shi zai ɗauki ƙwallo. Kafin a jima ƙwallon ta koma kamar sabulu a bahon wanka. Ɗan Tolliver ya kama ta sulluɓe, ɗan Brackett ya kama ta sulluɓe, alƙali ya ɗauka zai ajiye ta yi tsalle ta bugi mai ganga. Ana cikin haka karnukan gari, waɗanda ƙamshin man alade ya taso tun daga bakin kogi, suka keto shinge. Duk wanda ya faɗi ƙasa, kafin ya tashi kare biyu na lasar kansa. Aka tafi hutun rabin lokaci babu mai maki ko ɗaya, abin da Tolliver ba ta taɓa gani ba a kakar nan.

Nan fa kan Delbert ya kumbura. Wani mai hankali da ya gode wa Allah ya yi shiru. Shi kuwa sai ya tura ƙarti da motar ɗaukar masara suka ɗauko kujerar askin daga shago, har da ƙararrawar ƙofa. Ya tambayi Emil wane gida za su kai wa hari in an dawo, Emil ya nuna na arewa. Delbert ya sa aka girke kujerar a bayan layin arewa daidai, ya hau kanta ya tsaya.

"Jama'ar Tolliver! Duk yaron da ya kawo mini ƙwallo nan ya ci mana maki shida, a nan zan aske shi a gaban kowa, sannan ku biyo layi!"

Masu gemu suka ɓarke da tafi. Opal na zaune da jakarta a cinya.

"Koci," in ji Emil, "man nan fa in na yi gumi idona yake shiga, gashin kuma ya manne a kai. Ba na ganin komai."

"Ba ka buƙatar ido, ɗana. Kunne gare ka? In ka riƙe ƙwallo, ka bi ƙararrawar nan. Inda ka ji ta, nan ne nasara."

Zango na uku ya wuce ana ta kokawa da sabulu. Aka busa usur, ƙungiyoyi suka yi musayar gida. Delbert kuwa ya kwantar da kujera ya juya wa fili baya, yana riƙe da ɗan madubi yana murɗa gashin baki, yana ba wani ɗan jarida daga Brackett labarin yadda ya taɓa keta mutum tara a Texas da karyayyar ƙafa. Virgil ya taso a guje yana susar gemu.

"Delbert! An canja gida! Tashi a ja kujerar nan!"

"Ka ga irin abin da nake fama da shi?" Delbert ya ce wa ɗan jaridar. "Mai sayar da ƙusa zai koya mini ƙwallo."

"Na rantse da Allah, Delbert, yanzu nan gidanmu ne!"

"Ai ko'ina a filin nan gidanmu ne. Koma ka zauna."

Lokaci na gab da cika, ƙwallo ta kuɓuce daga cikin turmutsutsu ta yi sama, ta faɗo ta maƙale tsakanin gemun Emil da ƙirjinsa. Ya rungume ta da hannu biyu kamar ɗan alade. Wani ɗan Brackett ya kai masa cafka ya zame, amma ya wulwula shi sau biyu, suma ta rufto ta manne masa a ido. Emil ya tsaya cak a tsakiyar fili, bai san gabas ba bai san yamma ba. Ga hanyar kudu a buɗe, ba kowa, ko tsohuwa ce ta ɗauki ƙwallon nan da ta kai.

Sai ƙararrawa ta fara kaɗawa daga arewa.

Emil ya juya ya sa gudu. Gefen Tolliver ya ɗauki ihu gaba ɗaya, "A'a! A'a! Juyo!" Delbert na tsaye a kan kujera, ya ji ihun ya ɗauka kirari ne, ya ƙara ƙarfin kaɗawa. "Taho, ɗana! Taho wurin babanka!" 'Yan Tolliver suka bi ɗan'uwansu don su tare shi. Na farko ya kama sumarsa, hannu ya zame. Na biyu ya rungumi ƙugunsa, ya sulale ƙasa. Man Hockaday bai san nasa ba bai san bare ba. 'Yan Brackett kuwa suka buɗe masa hanya suna gudu a gefensa kamar masu rakiyar ango, wani ma yana kore masa karnuka. Dakta Amsden ya cusa gemunsa a baki ya ciza.

Emil ya tsallaka layi ya faɗa kan ƙararrawa da mai kaɗa ta. Kujera ta kwanta da su, 'yan Brackett goma sha ɗaya suka rufta a kai, karnuka suka rufa musu baya. Alƙali ya busa usur, ya sake busawa, wasa ya ƙare.

Daga ƙarƙashin tulin mutane aka ji wata siririyar murya. "Shida ne! A rubuta mana shida!"

"Biyu ne," in ji alƙali. "Na Brackett."

Aka zare mutane ɗaya bayan ɗaya har aka iso kan Delbert, kwance a kujerarsa, kare na lasar gefe ɗaya na gashin bakinsa. Emil na durƙushe har yanzu da ƙwallo a ƙirji. Ya share ido da bayan hannu yana murmushi.

"Koci, mun ci? Babana ya gani?"

Delbert ya kau da kai. Kunya ta kama shi, ta gaske, don yaron nan bai yi laifin komai ba sai yarda da shi.

Opal ta sauko daga benci ba gaggawa. Jama'a suka dare mata. Ta buɗe jaka ta fito da farin mayafin aski, ta kaɗe shi, ta ɗaura wa mijinta a wuya, sannan ta zaro almakashin ubanta.

"Opal, a nan? A gaban 'yan Brackett?"

"Kai ka kawo kujerar."

"A bari mu je gida mana. Ko gefe ɗaya ki bar mini."

"Virgil, me aka ce?"

"Har ƙahon," in ji Virgil.

Wanzami dai ba ya son jarfa. Delbert ya runtse ido, almakashi ya ce ƙyas, ya sake cewa ƙyas, 'yan badujalar Brackett suka buga masa ganga. Da ta gama da aska, sai ga wani ɗan leɓe fari fat wanda ko ita Opal ba ta taɓa gani ba. Ta kaɗe mayafi ta ce, "Emil, zo zauna, kai ka kawo ƙwallo."

Dakta Amsden ya matso yana tofar da gashi. "Amma Misis Hockaday, rantsuwar fa?"

"Ga wanda ya rantsar da ku nan ba gashin baki. In da zunubi yana kansa. Wanda kuma yake so ya kai baɗi da gemunsa, ya gaya wa matarsa yanzu."

Babu wanda ya gaya wa matarsa. Layi ya tashi daga bayan gidan arewa ya bi gefen fili ya fita ta ƙofa, mata na tura mazajensu daga baya, talotalo na ƙonewa a gidaje. Waɗanda suka je ƙarshensa sun ce har tashar jirgi ya kai, kamar yadda Delbert ya faɗa.

Daga ranar Opal ce ke riƙe da almakashi, kuma mutum na shiga shagon ya fito kafin shayinsa ya huce. Delbert aka bar wa tsintsiya. Ya yi shiru na kusan mako guda, har Virgil ya fara damuwa. Sai wata safiya wani baƙo mai tallar injin ɗinki ya zauna a benci yana jiran layi, ya ce ya ji wai Tolliver ba ta ci ko maki ɗaya ba bana.

Delbert ya jingina da tsintsiya, ya kai hannu zai murza abin da babu, ya mayar da hannun aljihu.

"Bawan Allah, bari in gaya maka. A duk kakar nan sau ɗaya tak ɗan Tolliver ya tsallaka layi da ƙwallo a hannu. Tambayi kowa a garin nan wa ya kira shi."

"Ɗaga ƙafarka, Koci," in ji Opal. "Ka bar gashi a ƙarƙashin benci."